Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Jigawa Kan Tsuntsayen Baturiya Da Masu Ƙirga Su

Mai Girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ya ɗora maka, ina neman izinin gabatar da wata magana wadda mai yiwuwa wasu daga cikin masu ba ka shawara za su ɗauke ta a matsayin aikin marasa abin yi. Ni malamin makaranta ne a ƙasar Haɗeja, kuma shekaru ke nan ina fita da ɗalibaina da wasu matasan gari ranar Asabar da sassafe zuwa bakin fadama domin kallon tsuntsaye da rubuta abin da muka gani. An sha yi mana dariya a hanya. Akwai dattijon da ya taɓa tsayar da ni ya tambaye ni ko miyar gidana ce ba nama, tunda kullum ina bin tsuntsu amma ban taɓa komawa da ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa zama ya bayyana masa amfanin abin, kuma wannan rashin bayanin yana daga cikin dalilan da suka sa na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, ta fuskar takarda dausayin Haɗeja da Nguru ba ya buƙatar ƙarin lambar yabo. Tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Baturiya, wadda take cikin jiharka a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ta shiga wannan jeri a 2008 tare da Dagona da ke maƙwabciyarmu Yobe. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take killacewa domin halittu da mutanen da ke rayuwa tare da su, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja. Masana sun rubuta sama da nau'in tsuntsaye 370 a wannan yanki, a ƙasar da duka nau'o'inta suka ɗan haura 900. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai takardar da aka sa wa hannu a Abuja ko a Faris ba ta iya tsayawa bakin tafki da asuba ta ga ko kirinjijiya ta ragu bana, ba ta kuma iya hana a sare bagaruwar da zalɓe ke sheƙa a kanta. Mutumin wurin ne kaɗai yake iya wannan, kuma shi ne aka bari a baya.

Zan so ka ga abin da nake nufi da ido. Wata safiya a cikin hunturu wani yaro ɗan masunta ya zo mini da ɗan ƙaramin zoben ƙarfe a tafin hannunsa, ya ce a ƙafar wata agwagwar ruwa da ta faɗa komar mahaifinsa suka cire shi, kuma mahaifiyarsa ta hana a ci naman domin tana zaton tsuntsun asiri ne. Da muka goge laka sai ga lambobi da rubutun boko a jiki. Na bayyana masa cewa wani masani ne a can Turai ya kama tsuntsun ya sa masa zoben ya sake shi, tsuntsun kuma ya keto teku da hamadar Sahara da fukafukansa har ya sauka a ruwan garinsu. Yaron ya daɗe yana juya zoben bai ce komai ba. Daga baya ya tambaye ni ko tsuntsun ya san hanyar komawa, na ce masa da ya rayu da watan Maris ko Afrilu zai kama hanya. Tun daga ranar ya ajiye danƙonsa, yanzu kuma shi ne yake riga kowa hango baƙin tsuntsaye idan sun fara sauka wajen watan Oktoba, alhali madubin hangen nesa guda ɗaya gare mu, tsoho ne, muna karɓa-karɓa mu kusan ashirin.

Abin da waɗannan yara suke yi ba wasa ba ne, yana da gurbi a aikin kimiyya na gaske. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta soma aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma ginshiƙin aikin shi ne 'yan sa kai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, mai kallo ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa, sannan ya tura ta wayarsa da manhajar BirdLasser. Haka kuma a kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, kuma dausayinmu yana cikin wuraren da aka daɗe ana ƙirgawa, tun zamanin shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru da aka kafa a 1987. Matsalar ita ce yawancin wannan aiki ya dogara ne da kuɗin ƙungiyoyin waje da ƙoƙarin Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, idan tallafi ya yanke sai ƙidaya ta yi rauni, kuma ƙidayar da ake yi bana a tsallake baɗi ba ta iya nuna wa kowa inda aka dosa.

Na san tambayar da za ta biyo baya, domin manoma sun yi mini ita ba sau ɗaya ba: ina ruwan mai shinkafa da tsuntsu, in ban da ɓarna? Wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauka a gonar shinkafa ko alkama kamar hayaƙi, ya ga yara tun fitowar rana suna jan igiyar gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dishe, a lokacin da ya kamata suna aji, ba zai raina wannan tambaya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. A da ruwa yakan cika fadama da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta huta. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara saboda noman rani, ambaliyar damina ta ragu a wasu wurare, wasu wuraren kuma ba sa bushewa sam, kuma irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su da makiyaya, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a bukatarsa, sannan ta zama ɗakin kwanan jan-baki. Buɗaɗɗen ruwan da dinya da kirinjijiya da baƙin agwagi suke nema shi ne dai ruwan da masunci yake jefa komarsa, don haka ranar da mai ƙirga ya ce agwagi sun ragu a tafki kaza, labarin kifi da shinkafa yake ba ka tun kafin ya iso kasuwa.

A nan ne nake da roƙo na musamman game da feshin jan-baki. Ba na cewa a daina, domin abincin mutane ne a kan layi. Amma maganin da aka saba fesawa daga jirgi guba ce da ba ta tantance tsuntsu, tana kashe wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba, kuma shaho ko shirwar da ta ci gawar jan-bakin da aka fesa ita ma tana iya bin sahu, haka nan idan aka yi feshin a kan ruwa kifi da mai shan ruwan ba su tsira ba. Matasan da suka san fadama sun san takamaiman inda jan-baki yake kwana, sun kuma san inda balbela da zalɓe suke da sheƙa. Da za a riƙa tuntuɓarsu kafin jirgi ya tashi, da an rage asarar magani, an kuma rage kisan da ba shi da dalili.

Akwai tsuntsaye biyu da nake so Mai Girma Gwamna ya tambayi dattawan garinsu game da su. Na farko gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, mai kambin zinariya a ka, wanda iyayenmu suke ba da labarin garkensa a fadamun nan. Ɗalibaina ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto, domin kamu don sayarwa ga masu ajiye shi a gida da lalacewar fadama sun kusa share shi daga ƙasar nan baki ɗaya. Na biyu ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna yadda take cika rufin mayanka da bakin kasuwa har ana korarta da dutse, yau kuwa sai ka yi wata da watanni kana zuwa kwata ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sanya irin ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma babban abin da ke cin ta a yankinmu shi ne farautar kanta da sassan jikinta domin masu magani, sai kuma gubar da ake zuba wa mushe. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma lallai ba ta yi: ita ce take kwashe mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka. Mun yi asarar ma'aikaciyar tsafta da ba ta taɓa karɓar albashi ba, kuma ba wanda ya rubuta ranar da ta tafi, saboda ba wanda yake ƙirgawa.

Shamuwa ce take ba ni ƙwarin guiwa. Har yanzu tana zuwa gab da damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, ba mai taɓa ta, yaro ma ya san ba a harbinta, ita kuma tana biyan kuɗin masauki da cin fara a gonaki. Ba doka ce ta kare ta ba, al'ada ce da tarbiyyar gida. Wannan ya nuna cewa mutanenmu ba baƙi ba ne ga kare tsuntsu, kuma malamanmu suna da abin faɗa a kai, tunda Alƙur'ani mai girma ya bayyana a Suratul An'am cewa tsuntsayen da ke tashi da fukafukansu al'ummomi ne kamar mu.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Ina roƙon gwamnatin jiha ta sanya ƙidayar watan Janairu cikin kasafin ma'aikatar muhalli a matsayin aikin kowace shekara, da kuɗin man kwalekwale da abincin masu fita, a kuma riƙa buga sakamakon da Hausa ana karantawa a rediyo domin masunci da makiyayi su ji abin da aka samu a ruwansu. Ina roƙon a samar wa makarantun sakandaren Kirikasamma da Guri da Birniwa da Auyo da Haɗeja madubin hangen nesa ko da biyar-biyar ne, tare da ɗan littafin hotunan tsuntsaye mai ɗauke da sunayensu na Hausa, wanda malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su iya haɗawa idan suka zauna da tsofaffin mafarauta. Wannan na ƙarshe yana da gaggawa, domin akwai sunayen tsuntsaye da yawa da ba su rage a bakin kowa ba sai waɗannan tsofaffi, ni kaina na sha jin kunya idan ɗalibi ya nuna mini tsuntsu na san sunansa na Turanci ban san na harshen uwata ba.

Game da tsaron dajin Baturiya kuwa, ko a hannun wa ragamarsa take tsakanin jiha da tarayya, ƙasar da mutanen naka ne. Ma'aikacin gandun daji da ba shi da babur ba zai iya zagaye dajin da ya haura hekta dubu 100 ba, kuma ko yana da shi ba zai fi Sarkin Baka da Sarkin Ruwa sanin wanda yake kafa tarko ko yake sare itace da dare ba. Idan aka nemi masarautar Haɗeja ta shigo da hakimai da dagatai da bulamai, aka ɗauki wasu daga cikin mafarautan aikin gadi da jagorancin baƙi a kan ɗan alawus, to wanda ya fi kowa iya kama tsuntsu zai zama shi ne mai tsaronsa, kuma ba a raba shi da abincinsa ba. Haka nan duk lokacin da za ka zauna da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da takwarorinka na Kano da Yobe kan yadda ake sakin ruwan Tiga da Challawa, ina roƙon a ajiye alƙaluman masu ƙirga tsuntsaye a kan teburin tare da na manoma.

A ƙarshe ina gayyatar Mai Girma Gwamna, idan hunturu ya shigo kuma baƙin sun sauka, ya ba mu safiya ɗaya a Baturiya, ba tare da jiniya ba domin tana tashin tsuntsaye. A iso kafin rana ta ɗaga, a zo da rigar sanyi. Yaron da ya kawo mini zoben zai riƙe maka madubin, ya nuna maka su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta daga ƙasar Haɗeja