Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan shirin tallafa wa Najeriya

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma sanyin Turai bai takura muku ba. Mu nan Kano lafiya lau, sai godiya, sai dai tsadar kaya da kake jin labarinta.

Saƙonka ya iso. Ka ce an sa ka cikin masu tsara shirin tallafi na shekara biyar da hukumarku za ta yi wa Najeriya, kuma wasu abokan aikinka na ganin ƙasa mai arzikin mai, wadda Bankin Duniya ya sa a sahun masu matsakaicin samu, ta wuce a ba ta agaji. Ka nemi ra'ayina, to ga shi.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya. A 2014 da aka sake lissafin tattalin arzikinmu, an ce ya kai kusan dala biliyan 510, har muka shige gaban Afirka ta Kudu. Amma lissafin Bankin Duniya raba dukiya yake yi bisa yawan jama'a, ba ya faɗin a hannun wa take. Ka nuna musu rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022: mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kashi 27. Duk wanda ya yi wa jihohin nan biyu tsari guda ya zalunci ɗaya.

Sannan kuɗin mai ba shi da tabbas. Ka tuna faɗuwar farashin ɗanyen mai a ƙarshen 2014. Kafin a farga, jihohi da yawa sun kasa biyan albashi, sai da tarayya ta ba su rance, a 2016 kuma tattalin arziki ya durƙushe. Asusun rarar mai da aka buɗe a 2004 don irin wannan rana an riga an yashe mafi yawansa. Idan kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya wata-wata ya ragu, albashi ake fara ceto, maganin asibitin karkara shi ake fara yankewa. Don haka ku rubuta tun yanzu abin da za a yi idan farashi ya karye a shekara ta uku ta shirinku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kada ku janye, kuma kada ku ɗauke wa gwamnati nauyinta. Akwai hanya a tsakani, kuma a nan Kano aka gwada ta. A 2012 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Ɗangote kan allurar rigakafin yara. Aka buɗe asusu guda kowa na zubawa, da sharaɗin kason jiha zai riƙa ƙaruwa kowace shekara, na gidauniyoyin yana raguwa. Ga kuma masu unguwanni da dagatai da aka shigar cikin aikin, tunda su suka san gidan da aka yi haihuwa. Daga baya Bauchi, Kaduna, Sakkwato, Borno da Yobe suka bi sahu. Ba a rasa tangarɗa ba, amma gwamna ya san ranar da kayan za su dawo kansa, kuma ya sa hannu a kai. Gavi ma, wato ƙawancen duniya mai tallafa wa allurar rigakafi, da ta ga cire Najeriya daga tallafin rigakafi a 2021 zai jawo asara, sai ta tsawaita wa'adin zuwa 2028, bisa sharaɗin gwamnati ta riƙa ƙara nata kason.

Sai dai sharaɗi kaɗai ba ya isa. Kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ke ware wa jihohi ya sha kwana a asusu, biliyoyin naira, saboda jihohi sun ƙi kawo nasu rabin. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin aji ne ke biyan wannan bashin. Ku tanadi wanda zai riƙa bibiya, ku kuma buga alƙaluman kowace jiha a fili, a karanta su a rediyo da Hausa.

Ka kuma ja kunnen mutanenka kan janyewar bazata. Da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumar agajinta, USAID, a farkon 2025, cibiyoyin kula da masu tamowa da dama sun shiga mawuyacin hali. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Katsina fa, Malam Habu, garin kakanninka na wajen uwa.

Roƙona na ƙarshe, ku rage kuɗin tarukan bita a otal-otal na Abuja, ku ƙara na ungozoma da firjin ajiye rigakafi mai aiki da hasken rana. In daftarin ya kammala kuma an yarje maka, turo mini ɓangaren lafiya in duba.

Ka gai da Hajiya da yara. Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za ku zo Babbar Sallah.

Naka,
Sani