Don Allah a buɗe wa matasanmu ƙofar koyon rediyon oba-oba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana kan ƙananan rediyon nan na hannu, wato oba-oba, da suka cika mana kasuwanni yanzu. 'Yan sintiri na da su, masu gadin makarantu da kasuwa na da su, 'yan agaji a wurin wa'azi da Maulidi duk za ka ga kowa ya rataya tasa a ƙugu. Mafi yawansu Baofeng UV-5R ce ta ƙasar China wadda ta fito tun 2012, kuma arharta ce ta sa ta bazu a duniya haka, don ko kuɗin wayar Android mai sauƙi ba ta kai ba.

Abin da yake damuna shi ne ana ciro ta daga kwali ne kawai a kunna a fara "kana ji na" a kan duk mitar da aka tarar a ciki, ba wanda ya tambaya mitar waye. Alhali wannan rediyon tana iya watsa magana daga 136 zuwa 174 MHz, sannan daga 400 har sama da 500, kuma a cikin wannan filin akwai mitocin jami'an tsaro da na kamfanoni da na jiragen ruwa, har da 156.8 da ake neman agaji a kanta a teku. Wurin da aka ware wa masu rediyon sha'awa, wato masu harkar rediyo don koyo da nishaɗi ba don kasuwanci ba, a yankinmu na Afirka da Turai ɗan kaɗan ne, 144 zuwa 146 da kuma 430 zuwa 440, shi ɗin ma sai da lasisi za ka yi magana a kai. Mai gadin da ya saya bai san wannan ba, mai shagon da ya sayar masa ma galibi bai sani ba.

A ƙasashen da harkar ta zauna, kulob-kulob na masu rediyon sha'awa ne suke koyar da wannan, kuma wallahi abin ba wuya. Za ka sami kebul mai baki biyu da ake sakawa a wurin iyafis, ka haɗa da laftof, ka buɗe manhajar CHIRP wadda kyauta ce kowa zai iya saukewa, ka fara kwafo abin da ke cikin rediyon ka ajiye gefe saboda ko an yi kuskure a mayar, sannan ka cike tashoshinta guda 128 kamar kana cike jadawali a Excel, suna da mita da ƙarfin wuta. A nan ne za ka iya rufe watsawa gaba ɗaya a kan tashar da ba taka ba, ta zama sauraro kawai, ko yaro ya danna maɓallin ba abin da zai fita. Wahalar da aka fi sha ita ce ta kebul na jabu da kwamfuta take ƙin ganewa saboda direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul ɗin, ko kuma ba a tura bakin ya shige sosai ba, kuma duk mai gyaran waya ya saba da irin wannan.

Ni gyaran waya nake yi, shi ya sa abin ya ja hankalina. Muna da ɗan zama da muke yi da abokai bayan an tashi aiki, sauraro kawai muke yi tunda ba mu da lasisi, amma ko a hakan abin da muke koya ya fi ƙarfin kuɗin da muka kashe. Ɗauki wata oba-oba mai suna Quansheng UV-K5 misali, ita har filashin ake mata kamar waya, masu sha'awa a ƙasashe daban-daban sun rubuta mata sabuwar manhaja sun sa a intanet kyauta, da ka ɗora sai ƙaramin allonta ya riƙa nuna maka inda sigina take da inda babu. Sai kuma eriya, wadda ni a ganina nan ne daɗin yake. 'Yar robar da ake haɗo rediyon da ita ba ta da wani kirki, amma da wayar jan ƙarfe mai tsawon kusan santimita 49 da wasu guda huɗu a ƙasanta ka ɗaga a kan rufin gida sai ka ji abin da da ba ka ji, saboda irin wannan mitar kusan sai eriya ta hango eriya, ɗaga ta sama ya fi ƙarfin wuta amfani. Wasu da tef ɗin awo na ƙarfe da fayif ɗin ruwa suke ƙera eriya mai nuna gefe guda, su saita ta sama a kan 145.800 lokacin da tashar sararin samaniya ta ISS za ta gifta, tana nisan kusan kilomita 400, wani lokacin 'yan sama jannati na magana da 'yan makaranta, wani lokacin hotuna ake aikowa ta sauti a kama da manhaja a waya. Ka ce yaron da ya ji wannan da kunnensa zai sake ganin darasin fiziks a matsayin hadda kawai?

Na san abin da wasu za su ce, ai 'yan bindiga ma suna amfani da oba-oba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma su ba lasisi suka nema ba kuma ba za su nema ba, wanda tsoron yake hanawa shi ne ɗalibin kwalejin fasaha mai son koyo, da ke jin in aka gan shi da eriya a jaka za a ɗauke shi mai kai rahoto. Mai lasisi kuwa yana da lambar kira da hukuma ta san mai ita, ta Najeriya da 5N take farawa, Nijar 5U, Ghana 9G, kuma doka ta wajabta masa faɗarta in yana magana, ba a yarda ya ɓoye zance ba, kowa na jinsa. Haka kuma ba na cewa rediyon ba su da aibu, hukumar sadarwa ta Jamus ta hana sayar da UV-5R a 2021 saboda tana zubar da sigina a mitocin da ba nata ba, kuma dai masu kulob ɗin ne ke da na'urar auna wannan su ce wannan a ajiye ta sauraro kawai.

Mu tuna watan Satumba na 2021 da aka kashe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane na tafiya wani gari don kawai su kira 'yan uwansu. Mu tuna ambaliyar Maiduguri a Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. A Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017, da layuka suka mutu, ƙungiyar Red Cross ta nemi masu rediyon sha'awa guda 50, aka tura 22 daga Amurka su taya ta isar da saƙo. Mu nan in irin haka ta faru, rediyon muna da su a hannu, mutanen da suka iya saita su a kan tasha ɗaya su kafa na'urar maimaita saƙo a kan tudu ko dogon bene su ne ba mu da su da yawa.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta fito fili ta bayyana yadda ake neman lasisin, nawa ake biya, ina ake jarrabawa, a yi shi har da Hausa a gidajen rediyo. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ma ta leƙo Arewa ta kafa rassa a jami'o'i da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin Sikawut. A sanar da jami'an tsaro yadda takardar take don kada a riƙa tsare mai ita. Masu shigo da kayan kuma a ce su riƙa rufe mitocin da ba na jama'a ba kafin su sayar, aikin mintuna ne, kuma akwai yara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da za su iya yi musu in an nuna musu sau ɗaya.

Naku,
Wani mai gyaran waya, Kano.