Amsa ga ƙanina kan rigimar kujera a garin tsofaffi

Salam ƙanina, na ga tambayar da ka jefo min a gaban jama'a, wai da gaske ne tsofaffin Amurka ma suna cacar baki kan wurin zama lokacin Kirsimeti, kuma wa na ba gaskiya, wanda ya ajiye kujera ya tafi ko wanda ya zo ya tarar da ita ba kowa.

Gaske ne wallahi. Ɗauki The Villages a jihar Fulorida, gari ne sukutum na 'yan fansho, kusan kowane gida sai da mai shekara 55 ko fiye, ƙidayar 2020 ta ba su mutum sama da 79,000, kuma yawancinsu da 'yar motar golf suke yawo kamar yadda muke hawa a daidaita sahu. Suna da dandali irin su Spanish Springs da Lake Sumter Landing da Brownwood, kullum da yamma ana kiɗa kyauta. To idan ƙarshen shekara ya zo ana kunna fitilun bishiyar Kirsimeti, ga masu gudun sanyi sun sauko daga arewacin ƙasar, ga 'ya'ya da jikoki sun zo hutu, wurin sai ya cika maƙil, sai ka ga tun rana tsaka mutum ɗaya ya jera tawul da riguna kan kujeru shida ya koma gida ya yi barcinsa.

Ni dai ban ba shi gaskiya ba. Wanda ya tashi zuwa banɗaki ko ya riƙe wa matarsa guda ɗaya tana ajiye mota, wannan ba magana, tsufa ne, fitsari ba ya jira. Amma shida fa? Wanda ke shan wahalar shi ne wanda ba shi da kowa, tsohuwar da mijinta ya rasu, ta lallaɓo da sanda gwiwa na ciwo, ta tsaya awa biyu tana kallon tawul yana zaune.

Kuma kar ka yi musu dariya da yawa don mu ma gwanaye ne. Goman ƙarshe na azumi ko ranar Juma'a, Alhaji zai aiko yaro da darduma ya kama masa sahun gaba, shi sai liman ya kusa hawa mumbari zai taho yana tsallake wuyan mutane. Ibn Taimiyya tun zamaninsa ya yi fatawa cewa aika darduma a kama wuri bai halatta ba, a Harami ma ma'aikata kwashe su suke yi.

Ka ce in ni ne ya zan yi. Zan tambayi na kusa ko mai ita na nan, in aka ce tun ɗazu ya tafi, in naɗe masa tawul ɗinsa da mutunci in ajiye a gefe, in zaunar da tsohuwar, in ya dawo ni zai tarar a tsaye sai mu yi maganar da shi.

Ka gaida su Inna.