Wasiƙa Zuwa ga Amini kan Kwamfuta da Nazarin Adabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ɗalibanka a Damagaram, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iske ni. Ka tambaya, cikin ɗan shakku, ko akwai abin da kwamfuta za ta gaya wa manazarcin adabi wanda idonsa bai riga ya gani ba. Akwai, amma ba a inda jama'a suka fi zato ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni daga Amurka yake. A shekarun 1787 da 1788 an buga maƙaloli 85 da ake kira Federalist, domin jawo hankalin mutanen jihar New York su amince da sabon tsarin mulkin ƙasar, kuma dukkansu sun fito da sunan aro guda, Publius, alhali mutum uku ne suka rubuta su: Alexander Hamilton, James Madison da John Jay. Daga baya aka samu saɓani a kan guda 12, domin Hamilton da Madison kowannensu ya ce nasa ne. Masana tarihi suka daɗe suna muhawara, saboda mutanen biyu manufa ɗaya suke karewa, kuma salonsu ya yi kusa ƙwarai. A 1964 wasu masana ƙididdiga biyu, Frederick Mosteller da David Wallace, suka fitar da sakamakon bincikensu. Ba su kula da manyan kalmomi irin su 'yanci ko mulki ba, tun da waɗannan batu ne ke jawo su. Ƙananan kalmomin haɗi suka ƙirga, waɗanda marubuci ke zubawa ba tare da ya sani ba. Hamilton yakan yi amfani da kalmar "upon" kusan sau uku a cikin kowace kalma dubu, Madison kuwa da ƙyar yake taɓa ta, kuma inda Hamilton zai rubuta "while", shi Madison "whilst" yake rubutawa. Da suka auna maƙalolin nan 12 da irin wannan ma'auni, sai lissafi ya karkata ga Madison.

Aikin mai bin sawu ke nan: ɓarawo yana iya sauya riga, amma ba ya tuna ya sauya takunsa. Da irin wannan dabara wani masanin kwamfuta, Patrick Juola, ya taimaka a 2013 wajen nuna cewa littafin da aka buga da sunan Robert Galbraith ya yi kama da rubutun J. K. Rowling, marubuciyar littattafan Harry Potter, kuma ba da jimawa ba ta amsa cewa nata ne. Sai dai ka lura, a duka biyun an riga an san waɗanda ake zato. Kwamfuta tana zaɓa ne daga cikin sunayen da aka ba ta, kuma idan marubucin gaskiya ba ya cikinsu, za ta nuna wanda ya fi kusa ne kawai.

Inda nake tare da kai a shakkunka shi ne batun tsarin labari. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Vermont sun ɗauki labarai 1,327 na Ingilishi, suka bai wa kowace kalma maki gwargwadon daɗinta ko ɗacinta, suka bi hawa da saukar makin daga farkon labari zuwa ƙarshe, suka ce yawancinsu sun faɗa cikin zubi shida, kamar na wanda ya faɗi ya tashi, ko na wanda ya ɗaukaka ya rushe. Ban raina aikin ba, domin babu malamin da zai riƙe littafi dubu a kansa lokaci guda. Amma ka kawo Gizo gaban Zaki, ya durƙusa yana cewa "ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin manyan dawa", alhali ya gama shirya masa gadar zare. Na'ura za ta ƙirga addu'a da ladabi, ta rubuta cewa wurin nan akwai farin ciki, yaron da ke gindin kakarsa kuwa ya riga ya fara dariya domin ya san inda aka dosa. Gatse da habaici ba a cikin kalma ɗaya suke zaune ba.

Duk da haka ina ganin harshenmu ya dace da dabarar farko, domin muna da "dai", "kuwa", "fa", "ma" da "kam", kuma kowane marubuci da yadda yake yayyafa su. Ka tuna yawan waƙoƙin ƙarni na 19 da ake jingina wa malaman Sakkwato, wasunsu ma fassara ce daga Fulatanci. Ka tuna kuma dubban littattafan adabin kasuwar Kano, waɗanda babu wanda ya karance su duka.

Matsalar tana wajen rubutun da za a ciyar da na'urar. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 malamai ne suka rubuta su da ajami kafin a mayar da su boko, don haka wanda ya ƙirga kalmominsu hannun malamin yake aunawa, ba bakin tsohuwar da ta ba da tatsuniyar ba. Waƙar da ta bi ta hannun masu kwafa da yawa ita ma kowannensu ya bar mata nasa. Ga kuma ƙa'idar rubutu: ku a Nijar kuna rubuta ƴaƴa, mu muna rubuta 'ya'ya, wani kuma ya buga ƙasa ba lanƙwasa ta koma kasa, na'ura ta haɗa ƙasar haihuwa da gazawa a ƙidaya ɗaya.

Saboda haka, idan kana son mu gwada, ka sa ɗalibanka su buga mini rubutun marubuta biyu da babu gardama a kansu, da ƙa'ida ɗaya, kuma kada su gyara wa kowa Hausarsa. Za mu ɓoye sunan wani babi, mu ga ko lissafi zai mayar da shi ga mai shi, kafin mu taɓa waƙoƙin magabata.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Wassalam.

Naka amini.