Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Kiwon Lafiya Kan Robar Gaɓar Kwatangwalo

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mai girma Minista.

Daga Damagaram nake rubuto maka, a kan wani abu da bai fi bakin ludayi girma ba, amma yana cikin manyan dalilan da ke sa wanda aka sauya wa gaɓar kwatangwalo ya daɗe yana takawa da ƙafarsa, ko kuma ya sake kwanciya a ɗakin tiyata. Ina nufin robar da ake shimfiɗawa cikin ƙoƙon ƙarfen da ake kafawa a ƙashin ƙugu, wadda ƙwallon gaɓar ke juyawa a cikinta duk takun da mutum ya yi.

Ƙanena mai ciwon sikila ne, kuma ciwon ya kashe masa kan ƙashin cinya tun bai kai shekara talatin ba. Mun sayar da gona aka yi masa aiki a ƙasar waje. Bai cika shekara da dawowa ba, wata asuba yana yunƙurin tashi daga zaman tahiya, sai gaɓar ta goce; na same shi kwance kan tabarma, ƙafar ta gajarce ta karkata ciki, zufa ta jiƙa masa riga. Da likita ya tambaye mu irin robar da aka sa masa da girman ƙwallon, babu takarda ko ɗaya a hannunmu da ta faɗa.

Ranka ya daɗe, robobin nan ba ɗaya ba ne. Likita John Charnley na Ingila ya fara da wata roba mai suna Teflon, ta cinye cikin ƴan shekaru, sai a 1962 ya koma ga wata robar da ake kira foliyetilin. Ita ma tsohuwar foliyetilin tana gogewa a hankali, garinta ya taru a jikin ƙashi, jiki ya tashi yaƙi da garin har ya zaizaye ƙashin, ƙarfen ya saki. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da wadda ake ratsawa da haske mai ƙarfi domin ƙwayoyinta su sarƙe, kuma rajistar Ostareliya, inda ake rubuta bayanan waɗanda aka sauya wa gaɓa, ta nuna cewa masu ita ba su cika komawa tiyata kamar masu tsohuwar ba. Ga matashi mai sikila, wanda shekaru masu yawa ke gabansa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai kuma siffarta. Akwai mai baki daidai, akwai mai tudu a gefe guda da ke tare ƙwallon kada ya fita ta baya, ko da yake idan an ɗora ta a karkace wuyan ƙarfen da ke ɗauke da ƙwallon yakan riƙa dukan tudun. Akwai kuma mai motsi biyu, wadda likita Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Saint-Étienne ta Faransa a shekarun 1970, inda robar kanta ke juyawa cikin ƙoƙon, abin da ke rage gocewa sosai. Mu mutane ne masu zaman tabarma, masu sujada sau biyar a yini, masu tsuguno a bayan gida, don haka gaɓarmu tana lanƙwasa fiye da ta mai zaman kujera.

Roƙona shi ne, duk sa'ad da gwamnati za ta sayo waɗannan kaya ko ta tura maras lafiya waje, kada araha kaɗai ta yi hukunci. A bar likitocin ƙashinmu su zaɓa bisa shekarun mutum da yanayin zamansa. A kuma wajabta ba kowa kati mai ɗauke da sunan robar, girman ƙwallon da ranar aiki, sannan a buɗe rajista ta ƙasa, kamar yadda Suwidin ta yi tun 1979. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma ƙanena ya yi su a kwance cikin mota domin aiki na biyu.

Na gode, Allah ya taimake ka.

Ɗan ƙasa daga unguwar Birni, Damagaram