Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni: me ya rage a Sawakin?

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tambayar da kika aiko mini a shirin tarihi na rediyo ba ta samu amsar da ta kamace ta ba, domin lokaci ya ƙure mana. Tunda a bainar jama'a kika yi ta, a bainar jama'a zan amsa. Cewa kika yi Sawakin ta zama kango, Fot Sudan ta gaje ta fiye da shekara ɗari, arzikinta ma akwai hawayen bayi a ciki, ga Sudan ɗin kanta yaƙi ya ɗaiɗaita ta. To don me nake ta kiran a ceci tarin duwatsu?

Duk abin da kika lissafa gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne hukuncin da kika yanke a kai.

Sawakin ɗan ƙaramin tsibiri ne kewayayye a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Yana can ƙuryar wani siririn mashigi da teku ya kutso cikin ƙasa, don haka jirgin da ya shigo ya tsira daga iska da igiyar ruwa. Jidda tana tsallake, wajen kilomita 300. Wannan matsayi shi ne jarin garin. Marubutan Larabawa sun ambace shi tun ƙarni na 10. Ibn Batuta ya sauka a can wajen 1330, ya tarar da ɗan Sharifin Makka ke sarauta. Da tashar Aizab ta arewa ta mutu a ƙarni na 15, ciniki ya tattaro ya dawo Sawakin, har wani jami'in rundunar ruwan Fotugal da ya gan ta a 1541 ya kwatanta ta da Lisbon. Turkawa suka riƙe ta tun ƙarni na 16, sannan ta koma hannun Masar a 1865.

Ayarin raƙuma yana tasowa daga Barbar a bakin Nilu, wani daga Kassala da Sinnar, su keto ƙasar ƙabilar Beja ɗauke da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu da riɗi da filasko. Jirage kuma su sauke yadi da kayan ƙamshi da sukari da katako daga Indiya da Hijaz, wato yankin Makka da Madina. Attajiran suna kan tsibiri, masu raƙuma da 'yan dako da baƙi suna unguwar Gef a babban tudu. Sai a 1877 aka cike teku aka yi hanyar da ta haɗa su.

Gidajen nan da kike kira tarin duwatsu, da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga gaɓar teku. Hawa biyu, hawa uku, an shafe su fat da farar ƙasa, ga tagogin katako masu sassaƙa da suke turowa waje, waɗanda ake kira roshan. Iska tana ratsa su ta sanyaya ɗaki, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Irin ginin tsohuwar Jidda ne da Masawa, salo ɗaya da ya game bakin Bahar Maliya. Amma dutsen murjani yana da laushi, yana shan danshi, gishiri yana cinsa. Tamkar soron ƙasa yake: in ana masa yaɓe kafin damina sai ya ga jikoki, in aka yi shekara uku ba mai gida sai ya fara zuba. Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe. Ba igwa ce ta rushe Sawakin ba. Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, ya yi wa garin ƙawanya tun daga 1883, aka gwabza da sojojin Ingila a Tib da Tamai a 1884, aka yi shekaru ana ja-in-ja, hafsan sojan Ingila Kitchener ya yi gwamna a can, amma gidajen suka fita daga yaƙin a tsaye. Shawarar ofis ce ta kashe su. Bayan an buɗe mashigin Suwez a 1869 manyan jiragen tururi suka yawaita, mashigin Sawakin kuwa ya yi musu ƙunci, ga duwatsun ƙarƙashin ruwa. Turawan Ingila suka fara sabuwar tasha a 1905, suka buɗe Fot Sudan a 1909. Kwastan ya koma can, banki ya bi, attajirai suka kulle ƙofofi suka bi kuɗinsu. Cikin shekara talatin gari ya zama kufai, rufi ya rufta, bango ya biyo baya.

Batun bayi ba zan kauce masa ba. Sawakin babbar ƙofa ce da aka fitar da mutane daga Sudan da Habasha zuwa kasuwannin Hijaz, kuma cinikin ya ci gaba a ɓoye ko bayan da aka haramta shi a takarda. Daga cikin kyawawan benayen akwai waɗanda da wannan kuɗi aka ɗora su. Sai dai ki duba, 'yata: idan aka bar wurin ya shafe, wa aka hukunta? Dillalan sun daɗe a ƙasa. Waɗanda za a ƙara zalunta su ne waɗanda aka tsallakar, domin ba su bar suna ba, ba su bar kabari da aka sani ba. Bakin ruwan da aka loda su shi ne kaɗai shaidarsu. Ni ina so ya tsaya, a kuma rubuta abin da aka yi a wurin ɓaro-ɓaro, ba tarihin attajirai kaɗai ba.

Sannan akwai namu. Kafin jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, talakan ƙasar Hausa da Barno da ƙafa yake neman Makka. Ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, ya kai Ubayyid, inda layin dogo ya iso a 1912. Guzuri ya ƙare, ya tsaya ya yi noma ko dako, ko ya tsinci auduga a Jazira, kudu da Khartum, bayan an buɗe gonakinta a 1925, ya tara na gaba. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, wani ya haifi 'ya'ya a hanya suka ƙarasa tafiyar tare. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin ya zama zango ga masu wucewa. Ƙarshen wannan doguwar hanya a ƙasar Afirka, ga dubban mutane, Sawakin ce. Ko bayan da ciniki ya koma Fot Sudan, an bar mata aikin alhazai da sansanin killace su don duba lafiya. A nan mutumin da bai taɓa ganin teku ba yake zama makonni yana jiran jirgi, a nan ake binne wanda ajali ya riska yana hangen ruwan da ya raba shi da Jidda. Waɗanda ba su koma gida ba su ne tushen Hausawan gabashin Sudan na yau. Idan a gidanku akwai kaka da aka ce ya tafi Makka a ƙasa, da wuya bai taka Sawakin ba.

Kika ce yaƙi. Haƙƙun. Tun Afrilun 2023 mutanen Sudan ke cikin masifa, kuma ba mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin abinci da magani a sayi farar ƙasa. Ban nemi haka ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da ƙura ta lafa, masu kuɗi su zo da taswirar otal. Mun ga alamar haka. TIKA, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Turkiyya, ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da ginin kwastan, aiki mai kyau, Allah ya saka. Amma da Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disamban 2017 aka yi maganar ba Turkiyya riƙonsa, nan take zancen ya koma na sansanin soja da kishin Masar da Saudiyya, a 2018 kuma aka shiga batun biliyoyin dalar Katar. Gwamnatin Al-Bashir ta faɗi a 2019, akasarin alkawuran suka bi ruwa. A duk wannan hayaniya muryar da ta fi ƙaranci ita ce ta mutanen Sawakin: Beja, da zuriyar masu gidajen, da Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da suke zaune a babban tudu. Garin yana cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya tun 1994, bai wuce nan ba.

Tunda rashin mazauna ne ya rushe gidajen, gyaran da ba zai dawo da mazauna ba ɓarnar kuɗi ce, bayan shekara ashirin sai a sake. A gyara kaɗan da za a iya riƙewa, a sa makaranta a wani, ɗakin karatu a wani, a koya wa samarin garin saran murjani da sassaƙar roshan don gyara ya zama sana'arsu. Garin ba matacce ba ne ɗungurungum: tashar Usman Digna da aka buɗe a 1991 tana ɗaukar fasinjoji da dabbobi zuwa Jidda, masunta suna fita kullum.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran zaman lafiya, ba ya cin kuɗi, kuma ke ma za ki iya. Tsofaffin da suka yi wannan tafiya suna yara, ko suka ji ta daga bakin iyayensu, saura ƙalilan. Ki ɗauki wayarki ki zauna da su. Ki tambayi sunayen zangon da suka sauka, wane aiki suka yi a hanya, kwana nawa aka tsare su a Sawakin, wa suka binne a can. Ki rubuta sunan mai magana da garinsu da shekarar da ya tashi, ki kai kwafi sashen tarihi na jami'arku.

Wassalam.