Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Nuwamba 2024 Zuwa Nuwamba 2025

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton bana kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ya tanada. Mun fara lissafi ne daga ranar 5 ga Nuwamba 2024, ranar da Amurkawa suka sake zaɓen Donald Trump, domin kusan duk abin da muka yi a shekarar nan daga sakamakon wannan zaɓe ya taso. An kafa ƙungiyar ne domin masu jin Hausa 'yan LGBTQ, wato masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da makamantansu, mazauna Bronx da sauran unguwannin New York su sami wurin da za su ci tuwo su yi hira ba tare da ɓoye kansu ba, sai ga ta ta koma wurin cika takardu da rakiya zuwa kotu. Aikin ya gajiyar da mu, amma kwamiti bai yi da-na-sanin wannan sauyi ba.

Aikinmu na farko shi ne kashe wutar jita-jita. A makon zaɓen, saƙonni sun yi ta yawo a WhatsApp cewa an soke auren jinsi, an kuma rufe neman mafaka baki ɗaya, har wasu suka daina zuwa aiki. Mun kira taron gaggawa, muka bayyana cewa a ranar zaɓen nan ce kuma masu ƙuri'a a jihar New York suka amince a saka haramcin nuna wariya saboda jinsi ko wanda mutum yake so a cikin kundin tsarin mulkin jiha, kuma a ranar ce Sarah McBride ta jihar Delaware ta zama mai sauya jinsi ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin tarayya. Ba mu yaudari kowa ba, mun faɗa a fili cewa sha'anin shige da fice na gwamnatin tarayya ne, dokar jiha ba ta da ta cewa a ciki. Batun aure kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 da ya halasta auren jinsi a duk Amurka yana nan daram, kuma ranar 10 ga Nuwamba 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron buƙatar Kim Davis, tsohuwar jami'ar da ta ƙi ba masu auren jinsi takardar aure a jihar Kentucky, ta a sake duba shi.

Ranar 20 ga Janairu 2025 sabon shugaban ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatin tarayya jinsi biyu kaɗai ta sani, ya dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, aka kuma rufe hanyar neman lokacin ganawa a kan iyaka ta manhajar CBP One. Daga nan kwamiti ya yanke shawarar mayar da ƙarfinsa kan takardun mafaka. Tun 1994 ne Amurka ta amince cewa wanda ake tsangwama saboda neman jinsi ɗaya yana iya samun mafaka, amma doka ta ce a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya da shigowa, kuma wannan wa'adi ne ya fi cin mutanenmu, domin mutum yakan shafe watanni yana jin nauyin furta dalilin gudowarsa ko ga lauyansa. Mun bi membobi ɗaya bayan ɗaya muna tambayar ranar shigowarsu, muka haɗa waɗanda lokaci ke ƙure musu da lauyoyin da ke aiki kyauta. Da dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta ɗora dala 100 a kan takardar neman mafaka, da dala 550 a kan takardar izinin aiki ta farko, sai muka buɗe asusun taimakon juna mai kama da adashi, inda masu aiki suke zubawa duk wata. Muna sake jan kunne game da masu cika takardu da ba lauyoyi ba: ɗaya daga cikinsu ya karɓi kuɗin wani ɗan uwanmu, ya rubuta masa labarin da ba nasa ba, kuma har yanzu ana fama da gyaran ɓarnar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin kwamiti a bana shi ne tafinta. A kotun shige da fice gwamnati ce ke kawo mai fassara, amma a ganawar ofishin mafaka mai nema ne ke zuwa da nasa, kuma a nan ne matsalarmu take. Masu jin Hausa a birnin nan sun san juna, masallaci ɗaya, shagon nama ɗaya, suna da biki ɗaya, saboda haka wanda aka ce ya nemo tafinta yakan ji tsoron kada maganar da ya faɗa da safe ta isa Kano ko Maraɗi ko unguwar Nima ta Accra kafin magariba. Akwai kuma matsalar kalmomin kansu. Idan tafinta ya ce ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo da muryar da aka saba faɗarsu a gida, wato muryar zagi, sai mai bayani ya dabarbarce, ya fara gajarta labarinsa, jami'i kuma ya ɗauka ƙarya yake yi. Mun zauna sau da yawa da membobinmu masu Turanci muna tattauna yadda za a fassara irin maganganun da mutanenmu ke yi a kaikaice, kamar «harka» ko «aboki na musamman», ba tare da an ƙara ko an rage ba. Duk wanda ya shiga wannan aiki ya yi alkawarin riƙe sirri a gaban kwamiti, kuma ba a haɗa mutum da tafintan garinsu sai in shi ya nema.

Daga watan Mayu jami'an shige da fice suka fara kama mutane a farfajiyar kotu da ke ginin 26 Federal Plaza a Manhattan, inda ranar 17 ga Yuni suka tsare har Brad Lander, babban mai binciken kuɗin birni na lokacin, yana rakiyar wani baƙo. Wasu membobi sun so su ƙi halartar zamansu, alhali rashin zuwa yakan jawo alƙali ya ba da umarnin kora a bayan idon mutum. Tsarin da muka kafa shi ne ba wanda zai je kotu shi kaɗai, kuma masu rakiya su kasance 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin, riƙe da lambar lauya da ta wanda za a sanar idan an tsare mutum.

Dole rahoton nan ya ambaci saɓanin da aka samu. Da aka cire ambaton masu sauya jinsi daga shafin gwamnati na wurin tarihi na Stonewall, inda 'yan LGBTQ suka yi boren neman 'yanci a New York, a watan Fabrairu, wasunmu suka ce wannan rigimar Amurkawa ce, mu baƙi mu kama kanmu. Kwamiti bai yarda da haka ba, domin akwai masu sauya jinsi a cikinmu, akwai waɗanda suka taso ana kiransu 'yan daudu, kuma su ne suka fi shan duka a gida kafin su gudo. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a daɗe ba kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar Tennessee ranar 18 ga Yuni, wadda ta hana yara magungunan sauya jinsi, sannan ranar 17 ga Yuli aka rufe sashen da aka keɓe wa matasan LGBTQ a layin 988, na agajin masu matsananciyar damuwa ko tunanin kashe kansu. Tun lokacin muke raba kwanan amsa waya a tsakaninmu, kodayake mu ba likitoci ba ne, iyakarmu mu saurara mu miƙa mutum ga ƙwararru.

Mun yi buɗa baki tare duk ƙarshen mako a azumin watan Maris, kuma mun fita jerin gwanon alfahari na 'yan LGBTQ ranar 29 ga Yuni, da yawanmu da takunkumin fuska. Dokar hana ɗaukar hoto a tarukanmu tana nan, domin dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan shiga ƙungiya irin tamu, ƙudurin hukunta 'yan LGBTQ da majalisar Ghana ta zartar a Fabrairun 2024 kuma an sake gabatar da shi bayan zaɓensu, kuma dukkanmu muna da iyaye da ƙanne a can.

Inda muka gaza shi ne masauki. Ba mu iya samar wa duk wanda aka kora daga ɗakin haya wurin kwana ba, kuma masu ɗaukar baƙi a falonsu sun gaji. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a babban taron da ke tafe, inda za a zaɓi sabon kwamiti, a kuma yanke shawara kan ƙara kuɗin wata domin a kama ɗaki ɗaya na gaggawa. Ana roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin ranar, wanda kuma ba shi da hali ya sanar da ma'aji a keɓe.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa